Zaure Mai Ƙofa Biyu: Tarihin Ruwa a Ƙasar Kazaure da Babura

Masu ba da tarihin baka a Kazaure sukan fara ne da wani maharbi, Kutumbi, wanda farauta ta kai shi wani kwari da duwatsu suka yi wa ƙawanya, ga ruwa yana gudana a tsakiya. Wurin ya yi masa, ya zauna. Da aka tambaye shi inda ya shige, sai ya ce ya sami wani wuri ne kamar zaure, sunan kuma ya bi garin har yau. Ko haka abin ya faru ko bakin mutane ne ya gyara shi, wanda ya fara faɗar labarin ya san ƙasar. Zaure ɗaki ne mai ƙofa biyu, ta shiga da ta fita, duk baƙon da ya zo gidan ta nan zai bi. Babban baƙon Kazaure kuwa ruwan sama ne. Yakan zo wata huɗu a shekara, ya sauko daga kan duwatsu da gudu, in ya tarar da ƙofar fita a buɗe ya wuce, in ya tarar an toshe ta ya kwana a ɗakin mai gida.

Wanda ya taso daga Kano ya kama hanyar Daura, da zarar ya wuce Dambatta zai ga ƙasa ta sauya. Shimfiɗaɗɗen fili ya ƙare, tsaunuka sun miƙe jere kamar kunyoyin wata ƙatuwar gona, ga jar ƙasa, ga tsakuwa, ga marmara. Tsohon dutse ne, irin wanda ke kwance ƙarƙashin Kano da Katsina da Zariya, har masana ilimin ƙasa suka sa wa wannan jeri sunan Kazaure a taswirorinsu. Halinsa guda ne, ba ya shan ruwa. Ƙasar da ta rufe shi ba ta da kauri, saboda haka in aka zuba ruwa mai ƙarfi kaɗan ne ke nutsewa, saura ya gangaro, ya kwashe taki da ƙasar sama, ya tsaga kwazazzabo. A Roni da Gwiwa mai haƙar rijiya kan yi 'yan gaba kaɗan ya ji digarsa ta yi ƙara. Abin da ake samu a ƙarƙashi yana cikin ruɓaɓɓen dutse ne da tsagogi. An ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma a can akwai waɗanda suka tona har suka gaji.

Juya gabas zuwa Babura, labari ya sha bamban. Dutsen ya nutse, yashi da yumɓu sun hau kansa, shimfiɗar da ta miƙe har Tafkin Chadi. Nan ne ake ganin jigayi, tsofaffin tudun rairayi da iska ta tara a zamanin da hamada ta sauko kudu, waɗanda daga gare su jihar ta samo sunanta. Farfesa Olofin na Jami'ar Bayero ya yi dogon nazari a kan wannan iyaka da ta raba tsohuwar Jihar Kano gida biyu, ƙasar dutse a yamma da ƙasar yashi a gabas. Kogunan Gari da Tomas da Jakara a kan dutse suke tasowa, su nufi arewa maso gabas, da sun taka yashi sai su fara ramewa, su watse cikin fadamu, su ɓace. Ba mai kaiwa Kogin Haɗeja da ƙarfinsa. Yashi yana shan ruwa, amma tsakanin jigawa da jigawa akwai kwari mai gindin yumɓu, kuma a shekarar da damina ta yi nauyi ruwan da ya taru a nan ba shi da inda za shi. Na Roni gudu yake yi, na Babura zama.

Na daɗe a kan wannan ne don mutane kan haɗa ambaliyar Jigawa su yi mata kuɗin goro. In aka ce ambaliya a jihar, hankali kan tafi Ringim da Auyo da Miga da Haɗeja da Guri, inda kogi ke cika ya batse, ana zargin an saki ruwan Tiga da Challawa, ana kukan ciyawar kachala ta toshe hanyoyi. Wannan gaskiya ce, amma gaskiyar bakin kogi ce. Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ba sa kan wancan kogin. Tasu ambaliyar daga sama take saukowa, daga kan tsaunin bayan gari, daga rufin maƙwabci. Ba wanda za a ce ya buɗe musu dam daga nesa.

Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga Ɗantunku, Bafillatanin da ya taimaki jihadi ya zauna a Dambatta, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a a 1819. An shekara biyar ana gwabzawa kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama a 1824, ya tabbatar wa gidan Ɗantunku ƙasarsu. Ɗansa Dambo shi ya mayar da gadon sarauta Kazaure. Dalilinsa na tsaro ne, domin ƙaramar masarauta da ke tsakanin Kano da Katsina da Daura, ga Maraɗi da Damagaram suna kawo hari daga arewa, tana bukatar duwatsu a bayanta. Babura kuwa ƙasar Kano ce, ribaɗi ce a bakin iyaka, yau tana ƙarƙashin masarautar Ringim. To, garin da ke tsammanin a kewaye shi da yaƙi dole ya tanadi ruwa a cikin ganuwarsa. Daga nan tarihin kududdufi ya fara.

Ba wanda ya taɓa zama ya zana kududdufi a takarda. Gini ne ya haife shi. Ganuwa da soraye da katangu duk da ƙasa ake yin su, ƙasar kuma a kusa ake haƙo ta, a mafi gangaren wuri inda yumɓu ya fi kyau. Ramin da aka bari shi ne kududdufi, kuma da yake a gangare yake, ruwan unguwa da kansa yake nemo shi. Ruwa ya sauka a kan soro, indararo ya tofar da shi nesa da jikin bango, ya bi tsakar gida, ya fita ta rariya, ya shiga lungu, lungu ya miƙa shi ga kwata, kwata ta kai shi kududdufi. In wannan ya cika ya tumbatsa zuwa na gaba, har a fita ta wuriyar ganuwa a faɗa ƙorama. A can yake kwana, yana tsiyaya ƙasa a hankali, yana ciyar da rijiyoyin gidajen da ke kewaye. Dabbobi su sha, mata su yi wanki, yara su kama tarwaɗa, in ya ƙafe a tono gaiwa daga cikin laka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tsari shi ne yadda yake gyara kansa. Gidan ƙasa sai da yaɓe duk shekara. Da rani ya kama, kududdufi ya janye, magina da masu gida kan shiga ciki su kwashi lakar da damina ta tara, a cuɗa ta da ramno, a yi tubali, a yaɓe katanga, a gyara daɓen soro, mai hali ya shafe da makuba ko laso kafin bazara. Kowane kwandon ƙasa da aka fitar ƙarin wuri ne ga ruwan baɗi. Mutumin da ke gyaran gidansa bai san yana yashe magudanar gari ba, amma abin da yake yi ke nan. Ruwa ya ci bango ya kai ƙasar rami, mutum ya kwaso ta daga rami ya mayar bango, shekara da shekaru.

Shari'a ma ta san da zaman ruwa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar ƙasa, kuma a wannan babi fiƙihun Malikiyya ya ware wa gari da rijiya da rafi hurumi, filin da ba mai ikon killacewa don kansa. Ƙarar indararo, wato wanda ya juya ruwan soronsa ya zuba a bangon maƙwabci, tsohuwar ƙara ce a gaban mai unguwa da alƙali. A bayan gari kuma, a fadamun Gari da ƙananan ƙoramu, a da masu lambu na ɗebo ruwa da jigo daga rijiyoyin da ba su wuce gaba biyu ba, suna noman albasa da barkono da rake. Ambaliyar damina a wurinsu alheri ce, ita ke shimfiɗa sabuwar laka ta kuma cika cikin yashin da za su sha da rani.

Kada wani ya ɗauka wancan zamanin aljanna ne. Kududdufi gidan sauro ne. Shi ke ba yara tsargiya, shi ke raba kurkunu a da, ciwon da kan kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma. A ƙidayar 1988 an sami masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi, bayan aikin da Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka sa wa hannu. Kowace unguwa kuma tana da labarin yaron da kududdufi ya ci. Sannan duk wannan tanadi na shekarar da aka yi ruwa ne. In sama ta ƙi, rami ba ya haihuwa. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta yi wa arewacin Lardin Kano mummunan ta'adi, 'Yar Buhu ta biyo baya a 1927.

Turawa sun ci Kano a 1903, amma sai wajen ƙarshen shekarun 1920 suka fara maganar ruwan ƙauye da gaske, lokacin da sashen binciken ƙasa da En'e-En'e suka shiga haƙa rijiyoyin kankare. A ƙasar yashi irin ta Babura abin ya yi amfani ƙwarai, don rijiyar gargajiya a can rubzawa take yi kafin a kai ruwa. A ƙasar dutse nasarar ba ta kai haka ba. A cikin gari kuma aka kawo duba-gari, wanda ke leƙa randa da kwata, wanda mata ke jin labarin zuwansa su hau shara. A idon likitan Bature kududdufi cuta ce kawai da ya kamata a cike. Bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya gani. A wannan zamani ne kuma gyaɗa ta mamaye ƙasa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, aka sare dazuka, aka nome gangaren tsaunukan da a da ake bar wa dabbobi. Kwazazzaban da ke cin gonaki a Roni da Gwiwa yau, da yawansu jikokin wancan saran ne.

Sai fari ya zo ya sauya tunanin kowa. Kano da ta saba samun ruwan sama wajen milimita 850 a shekara, a 1973 ba ta sami 450 ba. Rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka zube, mutanen arewa suka yi ta kwararowa kudu. Gwamnan Kano na lokacin, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, tun kafin farin ya riga ya ɗauki ruwa a matsayin babban aikinsa. An gama Bagauda a 1970, Tiga a 1974 mai ɗaukar kusan mita biliyan 2 na ruwa in an auna tsawo da faɗi da zurfi. Farin ya rufe bakin masu cewa ɓarnar kuɗi ce. Hukumar WRECA, da injiniyoyinta 'yan ƙasa da leburorinta, ta bi ƙoramun ƙasar dutse ɗaya bayan ɗaya tana datsewa. A tsakiyar shekarun 1970 Kazaure ta sami nata, dam ɗin Ibrahim Adamu, wanda aka sa wa sunan sarkin lokacin, da na Muhammadu Ayuba. Aka datse Tomas a 1976, aka datse Gari a 1980, wannan na ƙarshe yana riƙe sama da mita miliyan 200. A 1976 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

In aka duba da kyau, dam kududdufi ne da ya yi karatu. Dabarar ɗaya ce, a tare ruwan wata huɗu a ci shi wata goma sha biyu. Kuma ƙasar Kazaure ta dace da shi, tunda ga kwari ga dutse a gindi, ba inda ruwa zai zurare. Garin ya sami famfo, ya sami masunta a inda a da ba a san koma ba, ya sami lambuna a bakin ruwa, har ma ya sami wurin shan iska da baƙi ke tsayawa kallo. Ruwan da a da kan afko wa kwari a dare ɗaya ya sami inda zai huce.

Amma dam ya zo da nasa. Rana kan shanye kusan mita 2 daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara a wannan yanki. Duk ƙasar da zaizaya ta kwaso daga gonakin tudu a cikinsa take kwanciya, kuma ba maginin da zai shiga da kwando ya kwashe ta, don haka dam yana tsufa ne daga ƙasa, inda ido ba ya gani. Na ƙasa da shi kuma, masu fadamar da ke jiran kogi ya batse ya jiƙa musu yashi, sai suka ga ruwa ya rage zuwa. An yi musu alkawarin hanyoyin ban-ruwa, to amma gina bango ya fi shimfiɗa hanyoyin sauƙi da farin jini. Aikin noman rani na Gari, wanda ya ratsa ƙasar Kano da ta Jigawa, ya shafe shekaru da dama yana kwance, ruwa a tare, gonaki a bushe, sai a zamanin da Injiniya Suleiman Adamu, ɗan gidan sarautar Kazaure, ya riƙe ma'aikatar albarkatun ruwa daga 2015 zuwa 2023 aka farfaɗo da shi, aka kuma kammala aikin ruwan sha na Kazaure. Cikin waɗancan shekaru na jira, abin da ya ceci manomin rani ƙaramin abu ne, rijiyar bututu da ɗan injin ban-ruwa da hukumar KNARDA ta yaɗa a shekarun 1980, shirin Fadama ya ɗora a shekarun 1990. Jigo ya tafi hutu, fadama ta ci gaba da aikinta.

A watan Agustan 1988 aka tuna wa kowa cewa dam ma yana da iyaka. Bayan kwanaki ana marka, Bagauda ya ɓalle, ya share gonaki da gidaje, ya yanke hanyar Kano zuwa Zariya. An gina waɗannan madatsu ne da tsoron fari a zuciya, sai ga shi abin da ya fara kayar da ɗaya daga cikinsu yawan ruwa ne. Daga nan damina ta fara dawowa bayan farin 1973 da na 1984, amma ba da halinta na da ba. Manoma sun fi kowa lura, ruwa kan yi jinkiri, ya ɗauke a tsakiya, sannan ya zo ya juye na sati uku a yini guda.

Ruwan ya dawo kuma ya tarar da wani gari daban. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suka zama ƙananan hukumomi masu sakatariya da gidajen ma'aikata, Kazaure ta sami kwalejin kimiyya da fasaha mai sunan Sarki Hussaini Adamu, ɗalibai da 'yan kasuwa suka cika gari. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Kazaure ta haura mutum 160,000, Babura ta haura 200,000, Gwiwa wajen 124,000, Roni kusan 78,000. Bulo da siminti da kwano suka kori tubali da azara. Ga ɗan lissafi: rufin kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, zai zubar da lita 5,000, wato duro 25, cikin sa'a ɗaya ko biyu. Tsakar gidan an shafe ta da siminti, ko ɗigo ba ta sha. Duk a lungu zai ƙare. A ninka wannan da gidajen unguwa guda.

Shi kuwa kududdufi, ranar da aka daina bukatar ƙasarsa ranar ya fara mutuwa. Ba mai yasarsa, sai ya cike da laka. Ya cike, sai ya zama juji. Juji ya yi tudu, sai wani ya ga fili. Aka yanka, aka sayar, aka sa hannu, aka yi gini, wani lokaci ma masallaci ko makaranta, yadda ba mai bakin magana. Wanda ya saya ya ɗaga harsashinsa ya fi na kowa, ruwan da ke kwana a nan sai ya koma gidan talakan da ke gefe, wanda har yanzu ginin ƙasa ne da shi. Shi ya sa in ka karanta labarin ambaliya daga waɗannan garuruwa, ba kasafai za ka ji kogi ya tafi da mutum ba. Abin da za ka ji shi ne ɗaki ya faɗa wa mutane cikin dare. Ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu, ƙasa ta jiƙe, soro ya yi nauyi, shi ke nan. Leda kuma ta zo ta ƙarasa aikin, ta fiya-wata da baƙar ta cefane, ta cushe 'yan kwalbatocin da suka rage.

Shekarun baya-bayan nan kowa ya san su. A 2012 hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga mutum 363 da ambaliya ta kashe a Nijeriya, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 adadin ya wuce 600, kuma hukumar agajin Jigawa ta ce 134 daga ciki 'yan jihar ne. A Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle ya shanye rabin Maiduguri, abin da ya sa duk garin da ke kwance ƙarƙashin tsohuwar madatsa ya ɗaga kai ya dubi tasa. Duk shekara hukumomin hasashen yanayi da na kula da koguna na fitar da gargaɗi, a karanta a rediyo, hakimai su tara dagatai, matasa su fito aikin gayya su yashe kwata. Aiki ne mai kyau, illarsa ɗaya, sau da yawa dattin da aka kwaso a bakin kwatar ake tara shi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Bayan ɓarna kuma a zo da buhunan masara da bandir ɗin kwano da tabarmi.

Abin da kowace unguwa ke roƙo a wurin ɗan siyasa shi ne lambatu na kankare, kuma ban ga laifinsu ba, wanda ruwa ya shiga ɗakinsa ba ya son dogon bayani. Sai dai lambatu ba ya rage ruwa ko cokali guda, sauri kawai yake ƙara masa. In ba a tanadi inda zai juye ba, an ɗauke matsalar unguwar tudu ne an kai wa ta gangare, ko a sake shi a bakin gona ya haƙa sabon kwazazzabo. A Babura ma, inda ƙasa take a shimfiɗe, lambatun kan rasa gangaren da zai bi, ya zama dogon kududdufi marar amfani. Ƙasashen da suka fi mu kankare sun riga sun gano haka. Holan, wadda ta shekara ɗaruruwa tana ɗaga bangon koguna, ta koma tana matsar da bangon baya don kogi ya sami wurin miƙe ƙafa. Sin ta ƙaddamar da shirin birane masu tsotse ruwa kamar soso a 2015, da tafkuna da filayen ciyawa da daɓe mai shan ruwa. In ka cire manyan sunaye, kududdufi ne aka yi wa shinge da tsafta.

Ba ma sai an je nesa ba. Tsallaken iyaka, a ƙasar Tawa, manoman Illela sun farfaɗo da fako ta hanyar tassa, 'yan ramukan da ake haƙawa a zuba taki su tare ruwa, da kuma rabin-wata da jerin duwatsu da ake shimfiɗawa a kan gangare don ruwa ya rage gudu. Aikin Keita da aka fara a 1984 a kan irin wannan ya tsaya. A Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona maimakon sassabe su, har aka kiyasta filin da ya sake yin itatuwa ya kai hekta miliyan 5. Mutanen nan Hausawa ne, da su ake cin kasuwannin iyaka, ruwansu bai kai namu ba. Duwatsun da suke nema su jera, a Roni da Gwiwa tuntuɓe ake yi da su. Ɗigon da aka tsayar a kan tudu bai zaizaye gona ba, bai cike dam da laka ba, bai shiga ɗakin kowa ba, kuma shi ne zai fito a rijiya a watan Afrilu. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin arewa 19 da Abuja, a takarda irin wannan aiki ya sa gaba, wato a bi ruwa tun daga inda ya faɗo. Ko zai taɓa maganar filayen kududdufan da suka rage, wadda magana ce ta ofishin ƙasa da masu unguwanni ba ta injiniya ba, wannan sai a hannun masarauta da ƙananan hukumomi.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura. Tudun ƙasar da ake tarawa don shimfiɗa shi ya fi kowace ganuwa da aka taɓa ginawa a wannan ƙasa tsawo, kuma ya gitta hanyoyin ruwa masu yawa, manya da waɗanda ba su da suna sai a bakin mai gonar. Ƙofofin da aka bar wa ruwa a jikinsa su ne gadoji da kwalbatoci, marka mai ƙarfi ce kuma za ta gwada faɗinsu. Ƙasar da aka tara ɗin ma daga wani wuri aka haƙo ta. Kamar yadda aka saba gani a gefen kowace sabuwar hanya, ramukan burji kan cika a damina ta farko, kafin kaka makiyaya sun gano su, masu bulo sun kafa bukka, wani ya kawo ɗan injinsa ya shuka tumatir a baki.